Kafin ka sayi had-dis a Katsina: Sauri, ƙarko ko araha, wanne za ka fara dubawa?

Wata Asabar ce cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke hana mutanen Katsina fita da tsakar rana sai da dalili, ɗan ƙanwata ya yi sallama a gidana da kwamfutarsa a hammata, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, ta ƙi tashi." Na kunna ta. Allon ya kawo haske ya tsaya a nan, sai wata 'yar ƙara da ke fitowa daga ƙarƙashin madannai, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango da batirinsa ya kusa ƙarewa. A cikinta akwai babi huɗu na kundin kammala digirinsa, da bayanan da ya kwashe wata biyu yana tattarowa a ƙauyuka, ga shi saura mako uku ya miƙa.

Wata huɗu kafin wannan rana ya canza wa kwamfutar rumbun ajiyarta, abin da 'yan kasuwa ke kira had-dis. Guda biyu aka ajiye masa a kan kanta, kuɗinsu kusan ɗaya: sabon SSD mai gig 256, da had-dis na hannu mai tera ɗaya. Ya ga tera ɗaya ya ninka wancan kusan sau huɗu, ya miƙa kuɗi. Ba wanda ya gaya masa shekara nawa abin ya yi yana aiki a wata ƙasa kafin ya iso nan, shi ma bai san ana tambaya ba. Da muka kai wa mai gyara, ya ciro shi ya jona, ya kara a kunne, sai ya dube ni ya ce, "Malam, sai haƙuri, allura ta taɓa faifai." Babi biyu aka ceto daga saƙonnin da yaron ya riga ya tura wa malaminsa. Sauran kuwa sai da ya sake zama ya rubuta daga fari.

Tun daga ranar na fara sa kunne ga yadda ake cinikin wannan kaya a garinmu. Daga shagunan da ke kan titin IBB zuwa na wajen Ƙofar Ƙaura, tambaya biyu ce ke yawo a bakin masu saye: "Gig nawa ne?" da "Nawa za ka bari?" Masu sayen kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Al-Qalam da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Akwai masu shagunan buga takardu, da masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, da 'yan dawunlodin masu tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, da masu kemis da ke ajiye lissafin magani da bashi a kwamfuta, da matasan da ke naɗar tafsiri duk watan azumi. Buƙatar kowane ɗayansu daban ce, amma kusan dukkansu da ma'auni ɗaya suke awo, wato girma. Girma kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin rubutawa a jikin kwali, shi ne kuma ya fi sauƙin yi wa ƙarya.

Abin da ke cikin ƙarfen

A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da had-dis na farko a duniya. Faifai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar ya kai kusan tan ɗaya, abin da take ɗauka kuwa bai wuce mega 5 ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Girman ya ragu har ya zama abin sa wa a aljihu, amma dabarar tana nan yadda take: faifai mai maganaɗisu yana juyawa, wata allura tana shawagi a samansa tana rubutu tana karantawa. Na kwamfutar cinya yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti, na kwamfutar tebur sau 7,200, wato sau 120 kenan a kowace daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin allurar da faifan ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Shi ya sa idan kwamfuta ta faɗo daga kan gado tana kunne, ko aka buge had-dis na waje yana cikin aiki, allura kan kankare faifan, abin da ke wurin ya tafi kenan.

SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan'uwan memorin waya ne da filas, ƙananan ƙwayoyin lantarki ne ke riƙe bayanan. Mutane kan haɗa su duka su kira had-dis, amma bambancinsu ya kai na keke da babur.

Lambobin sauri su ne suka fi ruɗa mai saye. Had-dis mai faifai na kwamfutar cinya kan kwafi mega 100 zuwa 130 a daƙiƙa idan babban fayil ɗaya ne, na tebur kan kai 200 ko ɗan sama da haka. SSD mai mahaɗin SATA yana tsayawa wajen 550. Wanda ake kira NVMe, ɗan siririn nan mai kamar sandar cingam, yana kai 3,500, wasunsu har 7,000 ko fiye. To amma ba wannan ne saurin da mutum ke ji a hannunsa ba. Kunna Windows ko buɗe manhaja ba babban fayil ɗaya ba ne, dubban ƙananan fayiloli ne warwatse. A nan had-dis mai faifai yake zama kamar mai sito: duk abin da ka nema sai ya tashi, ya shiga lungu, ya ɗauko, ya dawo, sannan ka faɗi na biyu. SSD kuwa kamar mai tebur ne, kayansa duk suna inda hannu zai kai. Jiran da allura ke yi kafin ta isa wurin da ake nema ya ninka na SSD kusan sau ɗari. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da ke cin minti biyu kafin ta tashi, da zarar an sa mata SSD ko da mai araha ne, sai ka ga ta tashi cikin daƙiƙa ashirin.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Duk wanda zai ɗora Windows, ya ɗora a kan SSD. Amma ɗalibin da aikinsa rubutu da lissafi da shiga intanet ne, kada ya bari a ɗora masa ƙarin kuɗi da sunan 7,000. Da wuya ya ji bambancinsa da 550. Mai tace bidiyo ne ke cin moriyar wannan. Kuma kafin a sayi NVMe a tabbatar kwamfutar tana da raminsa, domin da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke yawo a garin nan ba su da shi, wasu kuma ramin yana nan amma SATA kaɗai yake karɓa.

Akwai wani tarko da ya fi kama 'yan dawunlodin da masu bidiyon biki, wato wayar jonawa da ramin USB. Tsohon USB 2.0 ba ya wuce mega 35 zuwa 40 a daƙiƙa, ko wane irin had-dis aka jona masa. Kwafar gig 500 ta wannan hanya kan ci kusan awa huɗu. Ta USB 3.0, wanda yawanci harshen raminsa shuɗi ne, aikin kan ci kusan awa ɗaya da kwata. Sau da yawa mutum na zagin had-dis cewa ba shi da sauri, alhali laifin na gidan da aka sa shi ne, ko na wayar da aka haɗo shi da ita.

Sai kuma abin da ba a cika rubutawa a kwali ba. Don su cusa bayanai da yawa a faifai ɗaya, kamfanoni sun ƙirƙiro wata dabara mai suna SMR, inda layukan rubutu ke hawa kan juna kamar kwanon rufi. Duk wanda ya taɓa canza kwano ɗaya a tsakiyar rufi ya san sai an ɗaga na kusa da shi. Haka SMR yake: karatu lafiya lau, amma idan aka daɗe ana zuba masa kaya, ko ana gogewa ana sake rubutawa, sai saurinsa ya faɗi ƙasa warwas. A 2020 an yi ta cece-kuce a duniya bayan an gano Western Digital ya sa SMR a wasu nau'o'in WD Red ba tare da ya bayyana ba, har magana ta kai kotu a Amurka. Seagate da Toshiba ma suka fito da jerin nasu. Da yawa daga cikin ƙananan had-dis na waje masu tera 1 zuwa 5 SMR ne. Ga mai ajiye hotunan iyali ba matsala. Ga wanda kullum yake loda sababbin fina-finai yana goge tsofaffi, gara ya nemi CMR, wato tsohuwar dabarar da layi ba ya hawa kan layi. Lambar samfurin da ke jikin takardar had-dis ita za a nema a shafin kamfanin a gani.

Wanne ne ba ya mutuwa?

Wannan tambayar ake yawan yi wa masu gyara, kowa kuma da gwaninsa. Wani ya rantse da Seagate, wani ya ce shi in ba WD ba, ba ya taɓawa. Gaskiyar magana, kamfanoni uku kacal suka rage a duniya masu ƙera had-dis mai faifai: Seagate da Western Digital da Toshiba. Seagate ya saye Maxtor a 2006, ya saye sashen had-dis na Samsung a 2011, Western Digital kuma ya saye na Hitachi a 2012. Duk wani suna da ka gani a jikin gidan had-dis na waje, in ka buɗe, ƙirar ɗaya daga cikin ukun nan ce a ciki.

Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda sana'arsa ajiye wa mutane bayanai ta intanet, tun 2013 yake tattara alƙaluman had-dis ɗin da ke mutuwa a rumbunansa yana wallafawa, kuma yawan had-dis ɗin da ke aiki a rumbunansa ya haura 250,000. A 'yan shekarun nan abin da ke mutuwa a shekara yana tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Darasin da ya fi fitowa fili daga alƙaluman shi ne, bambancin ba na sunan kamfani ba ne, na samfuri ne. Kamfani ɗaya kan yi samfurin da ya zama zakara, ya kuma yi wanda ya zama abin kunya. Misalin da aka fi sani shi ne wani Seagate mai tera 3, mai lamba ST3000DM001, wanda Backblaze ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ya sa aiki a 2012 sun mutu kafin tsakiyar 2015, alhali wasu samfuran kamfanin suna ta aiki shekara da shekaru.

Sai dai a tuna a wane irin wuri aka samu wannan kashi 1 zuwa 2. Ɗakuna ne masu sanyi dare da rana, wuta ba ta ƙiftawa, ba mai ɗaga na'ura balle ya sa ta a jaka ya hau Keke Napep da ita. Mu kuwa a Katsina zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, iyakar da masu ƙera had-dis ke gindayawa kuma wajen digiri 55 zuwa 60 ne. Kwamfutar da aka ɗora a kan katifa, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, ba ta da nisa da wannan iyaka. Ga ɗaukewar wuta ba sallama, ga janareta mai hawa da sauka. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS ko inbata, duk ɗaukewar wuta tana iya samun had-dis yana tsakiyar rubutu. Wanda ya sayi mai tsada ya bar shi a wannan hali, bai fi wanda ya sayi matsakaici ya kula da shi ba.

SSD ya fi jure faɗuwa da girgiza, wannan ba musu. Amma shi ma yana da ajalinsa. Kowace ƙwaya a cikinsa tana da iyakar sau nawa za a yi rubutu a kanta, kamfanoni kan bayyana wannan da lambar TBW. Samsung 870 EVO mai tera 1, alal misali, an ba shi tera 600 na rubutu da garantin shekara 5. Mai rubuta gig 50 kullum sai ya haura shekara 30 kafin ya cinye wannan, don haka ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce yadda yake mutuwa. Had-dis mai faifai sau da yawa yakan yi jinya: ya fara nauyi, ya fara ƙara, fayil ya ƙi buɗuwa. SSD kuwa yakan yi mutuwar fuju'a, jiya lafiya, yau kwamfuta ba ta ma ganinsa, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Babban suna ma ba ya hanawa: a 2023 masu amfani da wasu SanDisk Extreme na waje sun yi ta kokawa kan ɓacewar bayanansu, har aka shigar da ƙara. Haka nan SSD ba abin jefawa a akwati a manta shekaru ba ne, domin cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa a hankali in ba a jona shi, zafi kuma yana ƙara saurin zurarewar.

Na hannu, da jabu

Da yawa daga cikin kayan kwamfutar da ake sayarwa a Katsina daga Kano ake saro su, Farm Centre ko titin Beirut, ko kai tsaye daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba a Legas. Kaso mai yawa na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki Najeriya a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga tashar. Ba ina cewa na hannu haramun ba ne. Aljihun yawancinmu nan ya fi kaiwa, kuma akwai nagari a ciki. Abin da nake ƙi shi ne cinikin biri a sama, alhali birin yana da bakin da zai faɗi shekarunsa.

Kowane had-dis yana ajiye tarihin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, ƙarama ce, za ta zauna a filas. In aka jona had-dis aka buɗe ta, cikin minti ɗaya za ta nuna launi: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa a guje shi. Za ta kuma nuna awa nawa ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. In ka ga 26,000, to ya yi kusan shekara uku yana juyawa ba hutu. In ka ga 45,000, ya haura biyar. Sai a duba layuka masu lamba 05 da C5 da C6, waɗanda ke ƙirga wuraren da suka lalace a faifan ko suke shirin lalacewa. Abin da ake so a gani a ainihin ƙirgarsu sifiri ne. Wani bincike da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007, bayan sun bi diddigin had-dis sama da 100,000, ya nuna wanda aka ga kuskuren farko a saman faifansa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Wannan binciken dai ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko ɗaya. Ma'ana, ruwan ɗorawa hujja ce ta fasa ciniki, amma shuɗi ba alkawarin tsawon rai ba ne.

Kuma ana iya goge wannan tarihi, kamar yadda ake mayar da mitar mota baya. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta fallasa yadda aka riƙa sayar wa mutane manyan had-dis na Seagate a matsayin sababbi, alhali sun yi dubban awoyi suna aiki. 'Yan damfara ne suka goge SMART suka sake shirya su, sai wani kundin ciki mai suna FARM ya tona asiri. In haka ta faru a Jamus, mai saye a Katsina ya ƙara buɗe ido. A duba ranar ƙira a jikin takarda. A duba ko lambar da ke jikin takardar ta yi daidai da wadda manhaja ta nuna. A shigar da lambar a shafin garanti na kamfanin a ga abin da zai ce. Had-dis ɗin da aka ƙera shekara takwas da suka wuce amma yana nuna awa 10, akwai magana a ƙasa.

Jabun da ya fi ba ni takaici shi ne na girma. Za ka ga ɗan ƙaramin SSD na waje mai ƙyalli, an rubuta tera 8 ko 16, kuɗinsa bai kai na tera 1 na gaske ba. In aka fasa, ƙaramin memori ne a ciki, an yi masa dabarar da zai riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya. Zai karɓi kaya, sunayen fayiloli su bayyana reras, amma da zarar ainihin cikinsa ya cika, sabo yana danne tsoho ko ya tafi iska. Mai bidiyon biki ba zai gane ba sai ranar da dangin amarya suka zo karɓar aikinsu. Maganin wannan wata manhaja ce ta kyauta, H2testw, wadda ke cika rumbun taf sannan ta karanto ta ga ko abin da ta zuba yana nan. Tana cin awoyi, don haka a gida ake yi. Amma kada a rikita jabu da lissafi: tera 1 na gaskiya Windows kan nuna shi gig 931, saboda kamfani da dubu yake ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024. Wannan ba ha'inci ba ne.

Lissafin kuɗi

Had-dis kayan dala ne, ba a ƙera ko ɗaya a Najeriya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin kayan kwamfuta ya bi ta. Abin da ya faru a can nesa ma yana iso mu: ambaliyar da aka yi a Tailan a 2011 ta shanye masana'antu, farashin had-dis ya kusa ninkawa a duniya. Saboda haka ba zan faɗi farashin yau ba, domin kafin jaridar nan ta tsufa ya canza. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar awo.

A raba kuɗin da yawan tera, a ga nawa kowane tera ya kama. A wannan awon had-dis mai faifai ne ke gaba da nisa, musamman daga tera 2 zuwa sama, shi ya sa har gobe shi ne abokin mai tara fina-finai da bidiyo. Sannan a sake raba kuɗin da shekarun da ake sa ran zai yi. A ce na hannu rabin kuɗin sabo ne, amma ya riga ya ci awa 40,000, garantinsa kuma kwana bakwai. Sabon kuwa ana sa ran shekara huɗu ko biyar. In na hannun ya yi shekara ɗaya ya tsaya, to shi ne mai tsadar, ba a ma sa abin da ya tafi da shi a lissafi ba. Hausawa da suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida, irin wannan suke nufi. A kuma tambayi garantin na wane ne. Abin da aka rubuta a kwali sau da yawa na wata ƙasa ne, wanda zai yi maka amfani shi ne na mai shagon, a rubuce a kan rasit, da lambar had-dis ɗin da adadin kwanakin.

Ga 'yan'uwana masu shaguna, da yawansu mutanen kirki ne, su ma haka aka saro musu cikin kwali ba su gwada ba. Amma duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san hukuncin ɓoye aibin kaya, ya kuma san mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano aibin da ba a faɗa masa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta tanadi haka. Gwajin minti ɗaya a gaban mai saye ba ya rage riba, yana ƙara amana, kuma a gari irin Katsina inda kowa ya san kowa, amana ita ce ke dawo da mai saye da abokansa.

Abin da ya ceci littattafan malamanmu

Bayan duk wannan awo, akwai abin da ba a sayensa a jikin had-dis ɗaya komai tsadarsa. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun rayu a Katsina a ƙarni na 17, kuma wasu daga cikin rubuce-rubucensu sun iso mu. Ba don takardar da suka yi rubutu a kai ta fi ƙarfin gara da ruwan sama da gobara ba. Sun iso mu ne saboda almajirai sun zauna sun kwafa, kwafin ya shiga wani gida, ya tafi wani gari, in ɗaya ya salwanta ɗaya yana nan. Masana ajiyar bayanai na yau wannan dabarar suke koyarwa da sunan 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wuri daban ɗin nan ba ƙawa ba ne. Duk ɗan Katsina yana tune da gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a babbar kasuwa a watan Maris na 2021. Mai shagon da kwamfutarsa da had-dis ɗin ajiyarsa suke kan tebur ɗaya, a irin wannan rana kwafi ɗaya gare shi.

Don haka in kuɗinka na babban had-dis ɗaya ne, ni shawarata ka raba shi biyu. Ɗalibi ya sa SSD mai gig 256 ko 512 a kwamfuta, ya riƙa tura kundinsa imel ɗinsa duk daren da ya ƙara shafi. Gig 15 da Google ke bayarwa kyauta ya ishi rubutun digiri har da ragi. Mai bidiyo ya yi aiki a kan SSD, ya ajiye a kan mai faifai guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, kuma kada ya goge katin kyamara sai ya buɗe kwafi biyun ya gani da idonsa. Mai kemis da mai kanti su ware ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci su kwafi lissafin mako, su tafi da shi gida.

Ɗan ƙanwata ya miƙa kundinsa a makare da kwana tara, bayan ya roƙi alfarma. Yanzu SSD ne a kwamfutarsa, kuma akwai filas a maƙale da makullin babur ɗinsa mai ɗauke da CrystalDiskInfo, abokansa kan ɗauke shi rakiya in za su kasuwa. Mai karatu, in kana da had-dis a gida wanda hotunan iyayenka ko takardun filinka ko aikin shekarunka ke ciki, kuma babu kwafinsu a ko'ina, ka jona shi yau ka duba awoyinsa, ka kwafe abin da ba za ka iya sake samu ba kafin ka kwanta.